Murhun gawayi mai cikin yumɓu: abin da na gani daga kaka zuwa tsakiyar hunturu

A tsakiyar Oktoba na sayi murhun nan, ana cikin agazari, zafin nan da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa wanda ko fanka ba ta iya masa. Da maigidan ya ga ɗan acaɓa ya sauke ni da kwali a ƙofar gida sai ya kama dariya, wai mutane na neman ƙanƙara ni kuma na je na sayo wuta. Ban tanka masa ba. Na san nan da sati huɗu shi ne zai fara neman inda zai miƙa ƙafa in ya dawo daga sallar asuba.

A ido ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙarfe ne a waje, ƙirarsa kamar kalangu, sama da ƙasa da faɗi, tsakiya a tsuke. Cikin na sama an dasa gasasshen yumɓu mai kauri, gindinsa duk ramuka, nan gawayi yake zama, toka kuma tana zuba ƙasa. Akwai 'yar ƙofa a gefe ta shigar iska, da kunnuwa uku na ɗora tukunya, da mariƙi biyu. A Kenya aka fara irin wannan ƙira a farkon shekarun 1980, can jiko suke ce masa, yanzu kuwa masu ƙira a nan gida ma suna yi. A kasuwar Sabon Garin Zariya na same shi wajen masu kayan kicin, kuɗinsa ya kusa na kurfoti uku irin na maƙera. Mai shagon ya ce, "Hajiya, in bai rage miki gawayi ba ki dawo mini da abina." Duk ɗan kasuwa haka yake cewa, sai ka dawo ya ce ai ba haka ake hura shi ba.

Dalilin da na faɗa wa maigidan shi ne gas. Tun 2023 da komai ya yi tashin gwauron zabo gas bai tsaya a baya ba, silindarmu mai kilo 12.5 ta koma ta shayin safe da ɗumame kawai, wake kuwa ko kusa da ita ba ya zuwa. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin da ban faɗa ba: ni mutum ce mai son kaka, kuma ina son in ji ta a tsakar gidana, ba a cikin kicin da ƙofa a rufe ba.

'Yata ta fari ce ke yawan nuna mini hotunan kakar Turai da Amurka a waya. Daga Satumba zuwa Nuwamba ganyen itatuwansu ya koma ja da ruwan ɗorawa, kowa ya naɗe a bargo gaban wuta da kofi a hannu, ga kabewa an fafe ta an yi mata ido da baki an ajiye a bakin ƙofa. Na ce mata mu kabewarmu taushe muke yi da ita. Tamu kakar ba ta da wannan launin, amma ba ta zo hannu rabbana ba. A Zariya ruwa na ɗaukewa a Oktoba, sai sabuwar gyaɗa ta shigo, da dankali, da gujiya, da wake, ga raken Maƙarfi jingim a bakin titi, ga motoci na ɗauko masara daga Giwa. Garin kuma a kan tudu yake, sama da mita 600, shi ya sa da Nuwamba ta kama za ka ji dare ya fara sanyi tun kafin a ce hunturu ya shigo. Rana ta ƙona ka da azahar, asuba ta sa ka neman gwado. Daga nan sai buji ya sauko, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga Bodele a Chadi, ka tashi da safe ka duba wajen Kufena ka rasa dutsen. Duk abin da mutum zai saya don jin daɗin wannan lokaci dole ya dace da yini mai fuska biyu.

Ta fannin girki dai mai shagon bai yi ƙarya ba. Da tsohon kurfotina buhun gawayi sati uku yake yi mana, yanzu yana taɓa sati biyar, kuma girkin bai canza ba, mu bakwai ne a gidan. Sirrin ba ɓoyayye ba ne. Kurfoti ƙarfe ne siriri, zafi na fita ta ko'ina, iska kuma na shiga yadda ta ga dama, gawayi ya ci ya cinye. Shi wannan yumɓun ya tare zafin ya tura shi gindin tukunya, ƙofar kuma ta ba ka iko da wutar. Ka buɗe ta ruru, ka rufe ta kwanta. Fate ne ya fi nuna mini bambancin, kuma ku ƙyale masu yi wa Zage-zagi tsiya da fate, ba su ci wanda aka yi da sabon tsaki da rama da yakuwa ba. Da can sai na tsaya kansa da muciya don kada ya kama. Yanzu da ya tafasa na zuba tsaki sai in rufe ƙofar saura ɗan yatsa, ya yi ta ɓararraka a hankali har in gama wanke-wanke.

Hura shi ne ya ba ni wahala a satin farko. Na saba tula gawayi, shi kuwa ba ya son tuli, in ya wuce bakin yumɓun tukunya ba ta zama, wutar ma ta shaƙe. Kananzir ya yi tsada, leda kuma na hana a gidana, warinta na bin abinci. Totuwar masara ce ta fid da ni. Biyu ko uku busassu a ɗakin tokar, a kunna, a juya ƙofar ta fuskanci iska, minti goma ya kama. Da jaura ta fara kaɗawa ko mafici ban ƙara ɗauka ba.

Lokacin da na fi jin na ci kuɗina shi ne bayan isha'i. An sauke tuwo, saura garwashi ja a lulluɓe da farar toka. Sai in jawo shi bakin rumfa, a shimfiɗa tabarma, in ɗora butar shayi da cittar Kachiya da kanumfari da ɗan na'a-na'a. Dankali ƙanana nake zaɓa, in tura su ɗakin tokar ta 'yar ƙofar nan in rufe. Wannan ba a rubuce yake a kwali ba, autana ne ya gano, garin wasa. Wajen minti arba'in sai ka ji ƙanshi ya fara fita, ka zaro shi ɓawon ya yi baƙi-baƙi ya tattare, wani ruwa mai danƙo kamar zuma ya tsattsafo ta inda ya tsage. Yara na jefa shi daga hannu zuwa hannu suna hurawa, ba mai haƙurin ya huce. Ana ɗauke wuta ko a jikinmu. Har maigidan da ya yi mini dariya, yanzu shi ke tambaya ko an saka masa nasa.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne abin da ya kamata mai niyyar saye ya sani. Abin da ya sa ya yi kyau a girki shi ne ya sa bai yi kyau a jin ɗumi ba. Surukata tana zuwa mana daga cikin birni duk ƙarshen wata. Daren farko ta zauna gefensa ta miƙa ƙafa, ta jira, ta matsa, ta sake matsawa, can ta ce, "Ke 'yar nan, wannan murhun naki marowaci ne. Ina tsohon?" Na ce, "Inna, ai wannan ya fi shi." Ta ce, "Ya fi shi a wajen tukunya." Gaskiyarta. Kurfoti na watsa zafi ta gefe, mutum shida su kewaye shi kowa ya samu. Wannan sai ka ɗora hannu ta sama, ƙafa kuwa sai dai safa. Dole na zaro tsohon daga bayan kicin na ɗebo mata garwashi a ciki. Abin da ya rama da shi kawai shi ne daɗewa: kurfoti na mutuwa ya huce nan take, shi kuwa yumɓun nan in na ɗora tukunyar ruwa na kwanta, da asuba ruwan da sauran ɗumi, ya isa alwala ba tare da haƙora sun haɗu ba. Inna ma ta yarda da wannan, ta ce irin soron gidansu ne, da rana sanyi da dare ɗumi, ba irin kwanon da muke kwana a ƙarƙashinsa ba.

Sauran aibobinsa ƙanana ne amma suna da cin rai. Yana da nauyi, yarinya 'yar shekara goma ba ta ɗaga shi. Mariƙan ba a sa musu katako ba, sai da tsumma, na ƙone sau biyu kafin in koya. Ƙusar ƙofar ta zare a wata na biyu, mai walda na bakin layinmu ya mayar. Babbar tukunyar suna ko biki ba ta zama a kansa. Tsagewar da yumɓun ya yi kuwa laifin gida ne: yarinyar da ke taya ni aiki ta sheƙa masa ruwa don ta kashe wuta yadda ta saba yi wa kurfoti, muka ji ƙas. Tsagar na nan kamar zare daga baki zuwa gindi, ba ta ƙaru ba, na liƙe da yumɓu da toka. Yanzu kwashe garwashin muke yi mu zuba a tsohon gwangwani mu rufe, ya mutu da kansa, gobe a sake amfani da shi.

Akwai dare ɗaya da ba na son tunawa. Ƙarshen Disamba ne, sanyin muku-muku, yara sun ƙi zaman waje. Na ga murhun ba ya hayaƙi, garwashi ya yi jajir, sai na shigar da shi falo na sake labule na tura ƙofa, tagogi kuma dama a rufe suke saboda ƙura. Ba a yi awa ba kaina ya fara sarawa, autan ya ce zuciyarsa na tashi, babbar kuma ta fara gyangyaɗi tun ƙarfe takwas. Allah ya kawo maigidan, yana buɗe ƙofa ya ce, "Subhanallahi, me kuke yi haka?" Ya fitar da shi, ya buɗe ko'ina, muka zauna a tsakar gida muna rawar ɗari har kan ya sake mu. Rashin hayaƙin ne ya yaudare ni. Gawayi na fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, mutum ya yi ta jin barci har ya wuce. Kowane hunturu ana jin labarin waɗanda suka kwana da gawayi a ɗaki ba su tashi ba, kuma na san labarin, amma na ɗauka sabon murhu daban ne. Ba daban ba ne. Abin da ya ba ni haushi, babu ko layi ɗaya na gargaɗi a jikin kwalin da Hausa, mai shagon ma da ya cika ni da zancen rage gawayi bai ce uffan ba. Na koma na faɗa masa. Ya ce, "Ai kowa ya sani, Hajiya." Na ce to ga wadda ta sani ta yi.

Tun daga ranar iyakarsa rumfa. Abin da ke shiga ɗaki garwashi ɗaya ne a kasko don turaren wuta, shi ma taga a buɗe, in ya gama in fitar. Ɗumin ɗaki kuwa na koma wa dabarun da: gwado a kan bargo, tsumma a ƙasan ƙofa, man kaɗanya a ƙafar kowa kafin faso ya fara, da filas cike da kunun gyaɗa.

Mai iyali da ke dafa wake da tuwo kullum, kuma yana da tsakar gida ko baranda, zai mayar da kuɗinsa cikin 'yan watanni. Ɗalibin da ke ɗaki ɗaya a Samaru ko Kongo, wanda taga ɗaya gare shi, kada ma ya fara. Wanda kuma jin ɗumi kawai yake nema, kurfotin maƙera ya ishe shi, ya riƙe canjinsa. In za ka saya, ka ƙwanƙwasa yumɓun da yatsa: gasasshe ƙara yake yi kamar sabuwar randa, wanda bai gasu ba kuwa bif za ka ji. Ka duba ƙofar ta rufu ruf, don a nan duk amfanin yake.

Jiya Inna ta aiko jikanta da buhun totuwa daga cikin birni, da saƙon wai a ajiye mata tsohon kurfotin kada a ba 'yan gwangwan, tana nan zuwa ranar Juma'a, kuma a saka mata dankali biyu a cikin marowacin.