Yaya, ga labarin zamiyar ƙanƙarar da muka yi a Wisla

Assalamu alaikum Yaya. Auta da matarsa da ɗansu suna nan birnin Bankuba na Kanada lafiya. Ka ce in yi maka bayanin hoton da ka gan mu da hular kwano, to ga shi.

Tufafi ne suka fara cin kuɗi tun ba mu je ko'ina ba. Wanda zai yi mako uku kacal a Kanada, asara ce ya sayi sabuwar rigar sanyi, don haka shagon gwanjo na kai su, muka samo masu kauri masu tare iska. Rigar ciki da safa ne kawai na dage sai sababbi, kuma na ulu, domin auduga tana shan gumi ta riƙe, da mutum ya tsaya sai sanyi ya ratsa shi. Farashin da ke manne a jikin kaya kuma ba shi za ka biya ba. A wannan lardi na Birtish Kolombiya, a wurin biya ake ɗora harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 7 a kan yawancin kaya, sai dai tufafin yara ba a ɗora musu na lardi.

Daga Bankuba zuwa Wisla, garin wasannin ƙanƙara da ke cikin duwatsu, wajen kilomita 120 ne ta hanya mai lamba 99, kuma daga 1 ga Oktoba doka ce mota ta sa tayoyin hunturu kafin ta bi ta. Ba kowace motar haya ke da su ba, sai muka hau bas.

Abin da ya kai mu shi ne bobsile. Wani abu ne kamar kwalekwale a kan ƙafafun ƙarfe, ba inji, gangara kawai ke jan sa. An gina hanyar ne don gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, kuma a kanta ne ɗan wasan ƙasar Jojiya, Nodar Kumaritashvili, ya rasu yana atisaye ranar da za a buɗe gasar. Na gaya wa Auta wannan tun kafin mu biya, don bai kamata in ɓoye masa ba. Lanƙwasa 16 ce a hanyar, amma baƙi irinmu daga ƙasa-ƙasa ake sakin su, su bi goma. Ƙwararren matuƙi a gaba, mu uku a bayansa.

Yaya, farkon a hankali yake, har ka ce ai ba komai. Daga nan ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara ta cika kunne, bango fari yana wucewa, a lanƙwasar ƙarshe kuwa sai na ji kamar an aza mini buhu uku a ka, wuya ya ƙi ɗaguwa. Gudun yana kaiwa wajen kilomita 125 a awa, kuma nauyin jiki yana ninkawa kusan sau huɗu. Duka bai kai minti ɗaya ba. Matar Auta ta fito tana salati tana dariya, ta ce yanzu ta san ƙimar 'yan matan nan, su Seun Adigun, da suka wakilci Nijeriya a wannan wasa a gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018.

Wasan da tsada, amma na ga inda kuɗin ya tafi. Sun duba shekaru da tsawo da nauyin kowa, sun tambayi mai ciwon baya ko zuciya, sun gwada mana hula ɗaya bayan ɗaya, sun nuna mana inda za mu riƙe. Yaron bai kai shekaru ba, kuma ba roƙon da zai sa su bar shi.

Shi ya sa washegari muka kai shi wurin zamiya da tub, wato katuwar robar taya da ake zama a ciki a gangaro daga tudu, bel mai tafiya ya sake hawar da kai. Kuɗinsa bai kama ƙafar na bobsile ba, ga shi sai ka yi ta maimaitawa har lokacinka ya cika. In iyali ne da yara, wannan na fi so.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin zuwanka. Inshorar lafiyar lardi ba ta ɗaukar baƙo, asibiti kuma a nan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga wanda ba shi da ita. Takardar da ake sa wa hannu kafin a hau tana cewa ka yarda da haɗarin da kanka. Inshorar matafiya da yawa suna cire irin waɗannan wasanni, sai da na karanta ta Auta layi-layi na kira kamfanin suka tabbatar mini, sannan na biya. In ka tashi sayen taka, turo mini in duba tukuna.

A gaida Umma, a ce mata jikanta ya iya ɗaura igiyar takalmin ƙanƙara da kansa.