Arewa House da ma'ajiyar takardun ƙasa: ina ɗalibin tarihi zai fara?

Ɗalibin tarihi da ya kai aji huɗu a jami'a, aka ce ya rubuta kundin kammala digiri a kan wata masarauta ko gunduma ta Arewa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya taka Kaduna. Wurare biyu ne ke kawo shi: Arewa House da ke Titin Rabah, da reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon. Da yawa suna ɗauka aikinsu ɗaya, su je ɗaya su bar ɗaya. Kuskure ne.

Arewa House a harabar gidan Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, take, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. Yau cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne daraktanta na farko. Akwai ɗakin karatu, da sashen takardu, da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da gidan kayan tarihi. Ƙarfinta yana wajen littattafai, da kundayen digiri na waɗanda suka gabata, da rahotannin gwamnatin Jihar Arewa. Don haka mu a ganinmu nan ya kamata a fara. Kwana biyu kana duba kundayen da aka riga aka rubuta a kan yankinka zai nuna maka ko gonar da kake shirin nomewa wani ya girbe ta tuni. Sannan a ƙasan shafukansu za ka tsinci lambobin fayilolin da suka yi amfani da su. Kwafe su duka, guzurinka ke nan na zuwa wuri na biyu.

Ma'ajiyar ƙasa kuwa, wadda Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954 kafin a buɗe rassa a Enugu da Kaduna, ita ce rumbun ɗanyen hatsi. A nan takardun Turawan mulki suke: wasiƙun Razdan (Baturen da ke shugabantar lardi), rahotannin Di'o (Baturen da ke ƙarƙashinsa mai kula da yanki) na shekara-shekara, lissafin haraji da jangali, ƙorafin naɗin hakimai, rikicin iyaka. An jera su ne bisa ofishin da ya samar da su, ba bisa maudu'i ba. SNP takardun sakatariyar lardunan Arewa ne; Kanoprof na Lardin Kano; Zarprof na Zariya; Sokprof na Sakkwato; Katprof na Katsina.

To a nan ne yawancin ɗalibai ke ɓata kwanaki. Suna zuwa da taswirar jihohin yau a ka, alhali takardun ba su san jiha ba, lardi suka sani. Mai binciken Haɗeja ko Gumel ba zai ga Jigawa a jerin ba, tunda sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Kanoprof zai buɗe. Gwambe tana ƙarƙashin Bauci, Gusau da Birnin Kebbi suna ƙarƙashin Sakkwato. Katsina ta fi rikitarwa: tana Lardin Kano har 1926, aka mai da ita Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai cin gashin kansa. Ke nan wanda ke bin tarihin haraji a wata gundumar Katsina daga 1910 zuwa 1950 jeri uku zai bincika. Ga kuma matsalar rubutu. Bature yakan rubuta Gando a maimakon Gwandu, Hadeija, Katsena, Bornu. In ka nemi suna yadda kake rubuta shi kawai, sai ka rantse fayil ɗin babu.

Abin da za ka riƙe: takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, katin shaidar ɗalibi, fensir, da littafin rubutu. Tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta kafin ka zaro waya. Kowane fayil ka buɗe, fara rubuta cikakkiyar lambarsa, da takensa, da shekara, kafin ka karanta layi ɗaya. Hoto ɗari uku a waya ba lamba, ranar kare kundi ba su da amfani. Takardar da ta haura shekara tamanin tana karyewa kamar busasshen ganye, kada ka lanƙwasa, kada ka sa yawu a yatsa.

Gargaɗi ɗaya da ya fi sauran nauyi: rahoton Di'o ba wahayi ba ne. Yawanci ta bakin tafinta ya ji, daga fadawan hakimi, kuma haraji ne ya kai shi garin. Sai an auna shi da hirar dattawa, da rubutun malamai, da jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Wanda ke iya karanta ajami da Larabcin rubutun hannu ya yi wa tsaransa nisa, domin masu wannan ƙwarewa ba su da yawa.

Batun aiki fa? Gaskiya digirin tarihi shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa da sauri, shi ya sa jami'o'i da dama suka haɗa shi da nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa. Koyarwa ce hanya mafi faɗi, musamman da aka dawo da darasin tarihi makarantun firamare da ƙananan sakandare bayan shekarun da aka cire shi. Mai son wannan sai ya ƙara da difulomar koyarwa. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da hukumomin jihohi irin na Gidan Ɗan Hausa a Kano da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, amma gurabensu kaɗan ne. Aikin jarida da na ma'aikatar harkokin waje suna ɗaukar masu tarihi. Lauyoyi ma kan nemi wanda zai tono tsohon fayil a shari'ar sarauta ko ta iyakar ƙasa, kuma wanda ya san cewa takardar Katsina ta 1930 a Zarprof take shi ake kira.

Ga mai mako guda: kwana biyu a Titin Rabah, uku a Titin Yakubu Gowon. Ka isa da safe, domin ɗauko fayil daga rumbu yana cin lokaci, ranar Juma'a kuma gajeruwa ce.