Mai Gyaran Wuta: Mai Lasisi ko Na Unguwa?

'Yan uwa a Agege da Idi-Araba a Legas sun sha tambayata wanda ya kamata su kira idan aikin wutar lantarki ya taso: mai lasisin NEMSA, hukumar kula da ingancin ayyukan lantarki ta Najeriya, wadda dokar 2015 ta ɗora wa tantance masu wannan sana'a, ko wanda ya koya a hannun maigidansa?

Ta fuskar kuɗi da sauƙin samu, na unguwa ne a gaba, domin kira ɗaya ya isa, kuma ana yin ciniki. Sai dai haɗarin yana ɓoye cikin bango: siririyar waya a layin na'urar sanyaya ɗaki, ko rashin wayar ƙasa mai zubar da wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ko janareta da aka haɗa ba tare da makunnin sauya layi ba, wanda kan mayar da wuta kan turaku. Akwai gwanaye cikinsu, babu shakka, amma in gobara ta tashi, babu takardar da za a kama kowa da ita. Mai lasisi yana da tsada, amma sa hannunsa kamfanonin rarraba wuta na Ikeja Electric da Eko ke nema kafin haɗa wa sabon gini wuta.

Mai sauya soket ko fanka, amintaccen na unguwa ya wadatar da shi. Mai sabon gini, shago ko gidan haya, ya nemi mai lasisi.