Sharhi: na ba masu yanka bidiyo tsofaffin darussana na turaren wuta

A watan Fabrairun 2025 kamfanin Meta ya sanar cewa daga ranar 19 ga watan, duk bidiyon kai-tsaye da aka yi a Facebook kwana 30 kawai zai yi a shafe shi, tsofaffin da ke ajiye kuma aka ba masu su wa'adi su sauke abinsu. Ni sana'ata turaren wuta da humra, a gida nake haɗawa a nan Kano, kuma na daɗe ina yin zaman kai-tsaye ina nuna yadda ake haɗi, mata suna tambaya ina ba da amsa. Sanarwar ce ta sa na sauke su duka. Da na ga yawansu sai na ji takaicin a ce wannan magana duka ta tsaya a cikin waya ba ta kawo ko kwabo. Shi ne wata ƙawata ta haɗa ni da wasu matasa masu ƙaramin ofishi a Zoo Road, waɗanda aikinsu ke nan: ka ba su dogon bidiyo, su fitar maka da gajeru da hotuna na talla. Ba zan ambaci sunansu ba, domin akwai yabo a wannan sharhi, akwai kuma ƙorafi.

Yarjejeniyarmu ta wata-wata ce. Ina ba su bidiyo ɗaya mai kamar awa guda, su dawo mini da gajerun bidiyoyi na TikTok da Instagram da sitatus na WhatsApp, da 'yan hotuna masu rubutu, da sautin murya zalla. CapCut suke yanka da shi, manhajar kamfanin ByteDance mai TikTok, hotunan kuma a Canva suke tsara su. Duk manhajojin nan ina iya sauke su a wayata, don haka ba kayan aiki nake biya ba, lokaci da ido nake biya. Wadda ta tsaya kan tukunya tana juya itace da sukari kada ya kama ta san ba ta da hannun zama yankan bidiyo.

Wajen gyara kam sun iya. Tsofaffin bidiyoyina da yawa a kwance na ɗauke su, su kuma waɗannan dandamali a tsaye suke so, ma'aunin 9:16. Maimakon su bar baƙin fili sama da ƙasa, sai suka riƙa matso da hoton kan hannuna da kasko, har hayaƙin ya fito sosai. Ƙarar janareta da ke bayan muryata sun rage ta ƙwarai. Rubutun da ke bin magana a ƙasan allo da hannu suke buga shi da Hausa, kuma da na nuna musu cewa wani salon rubutun yana mayar da ɗ da ƙ akwati, nan take suka sauya. Wannan rubutu ya fi amfani fiye da yadda na zata, saboda mata da yawa da dare suke kallo, yara na barci, sauti a kashe.

Wani abin da na koya a wurinsu shi ne kowane dandali a ba shi nasa kwafin mai tsabta. Da can idan na sa abu a TikTok, shi nake saukewa da tambarinsa in tura ko'ina. Ashe tun 2021 Instagram ya bayyana cewa yana rage yaɗa bidiyon da ke ɗauke da tambarin wata manhaja. Tsawo ma ba ɗaya ba ne: sitatus na WhatsApp daƙiƙa 30 ne iyakarsa kafin a ƙara shi zuwa minti ɗaya a 2024, YouTube kuma ya kai gajerunsa minti uku a watan Oktoban shekarar. Su suna yanka darasi ɗaya gida biyu, guntu na sitatus wanda zai ƙare da cikakkiyar magana, da mai ɗan tsawo na sauran wurare.

Inda muka fara samun saɓani shi ne zaɓen abin da za a yanka. Kason farko da suka kawo duk wuraren dariya ne: inda hayaƙi ya sa ni tari, inda na tsokani wata mai tambaya, inda yaro ya shigo yana kuka. An kalla sosai, an yi ta turo alamar dariya, amma ba wadda ta tambayi farashin kwalba. Na ce wa shugaban nasu, "Ɗana, ni ba 'yar wasan barkwanci ba ce, turare nake sayarwa." Ya ce, "Hajiya, ai wannan shi ne yake tafiya." Gaskiyarsa ce, yana tafiya, sai dai ba wajen masu saye yake zuwa ba.

A nan ne na gane iyakar wannan aiki, kuma shi ne babban abin da nake so 'yan'uwana masu sana'a su ji. Ƙamshi ba ya bin waya. Wadda za ta turo kuɗi daga Kaduna ko Abuja ba ta shinshina komai ba, abin da take saye shi ne yarda cewa mai haɗin ta san aikinta. Wannan yarda tana cikin amsoshin tambayoyi, wuraren da mai yanka zai tsallake domin a idonsa ba armashi. Me ya sa turarena yake ƙauri? Amsar ita ce ko dai garwashin ya yi zafi da yawa, a bari ya ɗan yi toka kafin a zuba, ko kuma sukarin haɗin ya ƙone tun a tukunya. Mene ne bambancin hawi da sandal? Me ya sa ake sa farcen turare, kuma yaya ake wanke shi ƙarninsa ya fita? Kajiji na ɗaki ne ko na kaya? Don me sabuwar humra ba ta kai wadda ta tsumu ba? Matashin da bai taɓa jiƙa itace da madarar turare ba ba zai san cewa a waɗannan mintoci kuɗin yake ba. Tun daga nan ni nake zama in saurari bidiyon, in rubuta musu daga minti kaza zuwa minti kaza, su kuma su yi gyaran. Guntun da ke bayanin ƙauri shi ya fi kowanne jawo mini sababbin masu saye, kuma ba wani ado a cikinsa, hannu ne da kasko da magana.

Ƙorafi na biyu ya fi ciwo. Akwai bidiyoyin da na yi kafin a cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kafin kuma a saki naira a watan Yunin shekarar. Madarar turare daga waje ake shigo da yawancinta, kowa ya san yadda farashinta ya tashi. Sun yanka wani guntu ina faɗin tsohon farashi da bakina, suka sa shi kamar na yau. Mata suka zo da wannan farashi, na faɗi na yanzu, wata har ta ce na yi talla da ƙarya. Mai sana'a ba ta da jarin da ya wuce sunanta. Yanzu sharaɗi ne a tsakaninmu, duk inda na ambaci kuɗi a tsohon bidiyo a cire shi, farashi yana cikin kundin kaya na WhatsApp Business inda zan iya gyara shi kowace rana.

Haka nan sunayen mutane. A zaman kai-tsaye nakan ce Maman wance ta tambaya kaza, wani lokaci kuma tambayar ta shafi gyaran jiki ko zaman aure. Abin da aka faɗa a cikin taron mata da suka san juna daban, abin da zai yi ta yawo a TikTok daban. Ba su yi tunanin wannan ba sai da na tsayar da su. Kiɗa ma sun so su riƙa sawa a ƙarƙashin muryata, na hana. Masu sayena da yawa ba sa so, kuma shafin kasuwanci a TikTok ba kowace waƙa aka yarda ya yi talla da ita ba.

Hotunan Canva ba su yi mini wani tasiri ba. Suna da kyau, amma irinsu sun cika sitatus ɗin kowa. Wanda ya ba ni mamaki shi ne sautin murya zalla. Sun ciro amsoshina sun mayar da su gajerun saƙonnin murya, ina tura wa duk wadda ta yi irin tambayar. Ba ya cin data, kuma masu sayena na Maraɗi da Damagaram sun fi son sa a kan rubutu nesa ba kusa ba.

Shin ya cancanci kuɗinsa? Ga wadda take da tarin tsofaffin bidiyoyi masu ilimi a ciki, kuma za ta iya ware lokaci ta nuna wuraren da za a yanka, e, ya cancanta. Wadda kuwa take so ta miƙa waya ta juya baya, za ta samu masu kallo, ciniki kuma sai abin da Allah ya yi. Wadda ba ta da komai a ajiye sai hotunan kwalabe, gara ta fara yin bayani a gaban kyamara tukuna, domin ba abin da za su yanka.

Na sabunta yarjejeniyar da su, da sharuɗɗa a rubuce: ba abin da zai fita sai na gani na amince, lambar sirrin shafukana tana hannuna ni kaɗai, kuma kowane ƙarshen wata su ba ni asalin fayilolin a filashi, masu tsabta ba tambarin kowa.