Sharhi kan tagogi masu gilashi biyu bayan sun ga sanyi sun ga zafi

Tagogin da nake magana a kansu masu gilashi biyu ne, kowane gilashi kaurinsa milimita 4, da tazarar milimita 16 a tsakani wadda aka cika da iskar argon, sannan an shafa wa ɗaya daga cikin gilasan wani siririn shafi na azurfa da masu sana'ar ke kira Low-E. Firam ɗinsu na roba mai tauri ne, irin wanda ake kira uPVC, kuma a kan hinji suke buɗewa. Sun maye gurbin tsofaffin tagogin alminiyum masu gilashi ɗaya da ake turawa gefe, a gidan da dare ke yin sanyi ƙwarai a wani ɓangare na shekara, rana kuma ta yi ƙuna a ɗaya ɓangaren. Na dakata da rubuta wannan sharhi har sai da suka ga yanayin biyu, domin tagar da ta yi daɗi a lokacin sanyi tana iya zama azaba idan zafi ya shigo.

Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci a takardar da ke manne da kowace taga, amma ɗaya kaɗai daga cikinsu mai sayarwa ya fi son ya nuna. Ta farko ita ce lambar U, wadda ke nuna yawan ɗumin da ke tserewa ta kowace murabba'in mita idan akwai bambancin digiri ɗaya tsakanin ciki da waje. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon ingancin tagar. Gilashi ɗaya yana kusa da 5.8, gilashi biyu da iska zalla a tsakani yana wajen 2.8, irin nawa mai shafin azurfa da argon yana sauka zuwa wajen 1.1 ko 1.2, mai gilashi uku kuwa yana iya kaiwa 0.6. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Lambar tsakiyar gilashi daban take da ta tagar gaba ɗaya har da firam, kuma ta biyun ce ke aiki a ɗaki, ita ce kuma takan fi girma. Sannan tagogin da suka fito daga Amurka, masu ɗauke da takardar NFRC, hukumar da ke tantance ingancin tagogi a can, da wani ma'auni daban ake lissafa su, sai an ninka lambarsu da kusan 5.7 kafin a kwatanta ta da ta Turai, don haka 0.30 a can daidai yake da 1.7 a ma'aunin Turai, ba wani abin al'ajabi ba ne.

Lamba ta biyu, wadda Amurkawa ke rubutawa SHGC, Turawan Turai kuma su sa mata harafin g, tana tsakanin 0 da 1, kuma tana nuna kason zafin rana da gilashin ke bari ya shiga ɗaki. A nan ne yanayin wuri yake yanke hukunci. Wanda ke zaune a ƙasa mai dogon sanyi yana son wannan lamba ta yi sama, wajen 0.5 ko 0.6, domin rana ta ɗumama masa ɗaki kyauta; wanda ke fama da zafi yana son ta a ƙasa da 0.3. Mu da muke da yanayin biyu ba mu da amsa guda, shi ya sa na raba odar gida biyu bisa ga inda kowane bango ya fuskanta. Bangon yamma da na gabas na sa musu gilashi mai ƙaramar lamba, saboda ranar safiya da ta la'asar a kwance take shigowa, babu rumfar da za ta tare ta yadda ya kamata. Bangon da rana ke bi ta samansa da tsakar rana na bar masa mai babbar lamba, tun da ɗan tsawon rufi ya isa ya yi masa inuwa a watannin zafi. A ganina wannan rabon ya fi duk wani abu da na zaɓa amfani, kuma na lura cewa sai da na nace kafin kamfanin ya yarda, domin iri ɗaya ya fi musu sauƙin yankawa da jigila.

Yadda shafin azurfar ke aiki iri ɗaya ne da na cikin filas ɗin ruwan zafi: yana mayar da ɗumi inda ya fito maimakon ya bar shi ya wuce. Gilashin da ba a shafa wa komai ba yana fitar da fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da zai iya fitarwa na ɗumi, shafin kuwa yana saukar da wannan zuwa ƙasa da kashi 5. Tun shekarun 1980 wannan fasaha ta shiga kasuwa, amma har yau ido ba ya iya bambance gilashin da ke da ita da wanda ba shi da ita. Na gwada nawa da ashana bayan duhu ya yi. Idan aka kunna ta kusa da tagar, harshen wuta huɗu ne ke bayyana a jere, ɗaya daga kowace fuskar gilashi. Uku launinsu ɗaya, ɗaya kuwa ya ɗan sauya launi, kuma wannan ita ce fuskar da aka shafa. A tagogin yamma harshen da ya bambanta yana fuska ta biyu idan aka ƙirga daga waje, inda ya dace ya kasance idan korar zafin rana ake nufi. Argon ɗin kuwa ba ni da hanyar ganinsa, sai dai na yarda da takarda, kuma gudummawarsa ba ta kai ta shafin ba ko kusa.

A lokacin sanyi, abin da na fara ji shi ne ana iya zama kusa da taga. Da can gilashin kan yi sanyi ƙalau, iskar da ta taɓa shi ta yi nauyi ta gangaro ƙasa ta bi ƙafafun mutum, har a ɗauka wata kafa ce a buɗe alhali ko'ina a rufe yake. Yanzu idan na ɗora tafin hannu a gilashin ciki da asuba, kusan ɗuminsa ɗaya da na bangon da ke gefensa. Ruwan da ke tsatsafowa a firam ɗin alminiyum ya taru a dakalin taga ya ɓata fenti shi ma ya daina, abin da ba mamaki, tun da alminiyum yana ɗaukar zafi da sanyi fiye da roba ko katako sau ɗaruruwa. Wanda ya fi son alminiyum don ƙarfinsa ya nemi mai tsagin roba a tsakiyar firam wanda ke raba ɓangaren waje da na ciki. Wani abu da ya tayar wa mutanen gidan hankali shi ne raɓa da ke kwanciya a gilashin ta waje a safiyar da sama ta kwana garau. Wannan ba aibi ba ne, shaida ce cewa ɗumin ɗaki bai kai ga gilashin waje ba, kuma da rana ta ɗaga take bushewa. Raɓar da ke nuna matsala ita ce wadda ta shiga tsakanin gilasan biyu, domin tana nufin liƙin gefe ya buɗe, gas ya fita, kuma babu gyara sai sauya gilashin. A kan wannan ya kamata takardar garanti ta yi magana ƙarara.

A lokacin zafi ɗakin yamma ya yi sauƙi sosai, na'urar sanyaya ɗaki tana samun hutu tsakanin tashi da tashi. Amma gilashi mai ƙaramar lambar rana yana ɗan rage haske, kuma launinsa ya ɗan karkata zuwa toka-toka, wanda mai son ɗaki mai haske tas zai lura da shi. Ƙarar waje ta ragu, ko da yake na fi danganta hakan ga robar da ke matse firam idan an rufe. Mai neman maganin ƙarar manyan motoci ya fi kyau ya sa gilasai biyu masu kauri daban-daban.

Inda na rage wa aikin maki shi ne wajen girkawa. A taga ɗaya masu aikin sun bar rata tsakanin firam da bango, suka rufe ta da filasta kawai ba tare da sun cusa kumfar toshewa ba. Daga nesa ba a ganin komai, amma da iska ta taso sai labulen wannan kusurwa ya riƙa motsi, kuma bayan hannu yana jin siririn sanyi na fitowa daga gefen. Sun dawo sun fasa sun gyara bayan an yi ta kira. Duk lambobin da ke kan takarda a ɗakin gwaji aka auna su, ba su san da wannan rata ba, saboda haka mai gida ya tsaya a kan aikin ya ga an cika gefen kafin a shafe shi.

Akwai kuma batun iska. Tsofaffin tagogin suna shaƙar da gidan ta kafofinsu ba tare da kowa ya sani ba, sababbin kuwa sun toshe wannan hanya, sai tururin wanka da na numfashi ya fara taruwa, ɗakin kwana ya yi nauyi da safe. Dole ne a riƙa buɗe tagogi na ɗan lokaci kowace rana, ko a nemi masu ƙaramar kafar iska a saman firam.

Game da kuɗin wuta, ya sauka, amma ba yadda tallace-tallace ke nunawa ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na makamashin ɗumama gida da sanyaya shi ta tagogi yake tafiya, wanda ke nufin sauran yana bi ta rufi da bango da ƙofofi, kuma gidan da silinsa ba shi da abin tare zafi ya fi buƙatar a fara da can. Ban ga dalilin gilashi uku a yanayi irin nawa ba. Ya dace da wuraren da sanyi ke daɗewa, da gidaje masu ƙarancin cin makamashi irin na tsarin Passivhaus da aka fara ginawa a Darmstadt ta Jamus a 1991, wanda ke neman lambar U ta taga gaba ɗaya kada ta wuce 0.8. Ga shi kuma nauyin gilashi uku yana wahalar da hinji, kuma yana ƙara rage hasken da ke shigowa.