Kayan zafi a Saudiyya: yadin da za ki saya da wanda za ki bari a shago

Daga Yuni zuwa Satumba, da wuya rana ta fito ta faɗi a Makka ko Riyad ba tare da zafi ya haura digiri 40 ba. A Jidda ma'aunin yakan ɗan yi ƙasa da haka, amma danshin Bahar Maliya ba ya barin gumi ya bushe, sai ki ji kaya sun manne miki tun daga ƙofar gida zuwa mota. Saboda haka kafin ki tambayi kuɗin abaya, fara duba garin da kike, sannan ki lissafa awa nawa kike yi a rana, awa nawa a ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Malamar asibiti da ke wuni cikin sanyin na'ura daga Lahadi zuwa Alhamis ba yadi ɗaya za ta saya da mai zirga-zirga tsakanin kasuwa da makarantar yara ba.

Yawancin abayoyin da ke rataye a Balad ta Jidda ko kasuwar Utaibiyya ta Makka nida ne ko kirif, kuma kusan dukkansu zaren roba ne, wato foliyesta, ko da mai shago ya ce na Koriya ne ko na Japan. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa. Nida yana zuba da kyau a jiki, ba ya yamutsewa, baƙinsa yana daɗewa, ki wanke da dare ki sa da safe. Ga mai aikin ofis da direba ko motarta ke kai ta bakin ƙofa, ya wadatar. Matsalarsa ita ce ba ya shan gumi. Gumin sai ya tsaya tsakanin fata da yadi, daga nan wari da ƙurajen zafi suke farawa, musamman a wuya da ƙasan ƙirji da bayan gwiwa.

Lilin, wanda takardar jikin riga ke kira kattan, shi ne gwani a Jidda. Zarensa yana da ɗan tauri, don haka yana tsayawa nesa da fata, iska tana ratsawa, kuma yana saurin bushewa. Amma ki zauna a mota minti ashirin, ki tashi ki ga bayanki kamar takardar da aka duƙunƙune. Idan wurin aikinki na masu son a fito a goge ne, nemi lilin da aka gauraya da auduga ko biskos (zare mai laushi da ake sarrafawa daga itace), kamar rabi da rabi. Yana rage yamutsi, sanyin kuma bai tafi ba.

Auduga zalla, kutun a Larabce, ta fi dacewa da busasshen zafin Riyad da Madina, inda gumi ke bushewa da kansa. A wuri mai danshi tana jiƙewa ta yi nauyi ta daɗe a haka. Biskos kuwa yana da laushi da sanyin taɓawa, ga araha, sai dai yana raunana idan ya jiƙe, yana kuma tsukewa a wankin farko. Kada ki murɗe shi wajen matsewa, kuma ki sayi wanda ya ɗan fi ki.

Ga wata yaudara da ake yawan faɗawa cikinta: abaya ta lilin mai kyau, amma an yi mata shafi da yadin roba mai santsi. Kin biya kuɗin lilin, abin da ke taɓa jikinki kuwa leda ce. Juya rigar ki duba cikinta tun a shago. Sannan ki ɗaga yadin saitin fitila. Idan kina ganin yatsunki sarai, zai tilasta miki ƙara wata riga a ciki, riba ta koma ciki ke nan. Ki kuma damƙe gefensa a tafin hannu, ki ƙirga goma, ki saki, za ki ga irin yamutsin da zai yi miki a kujera. Idan yadi za ki yanka a kai wa tela, roƙi ɗan ƙyalle ki ƙona a gida: auduga da lilin suna warin ƙonanniyar takarda su bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Maganar launi ta sauƙaƙa tun 2018, lokacin da Yarima Muhammad bin Salman ya bayyana cewa doka ba ta wajabta baƙar abaya ba, sutura ta mutunci ake buƙata. Yanzu ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu da kore duk ana ganinsu a ofisoshi. Baƙi ya fi ɗaukar zafin rana, gaskiya ne, amma baƙar abaya mai faɗi da iska ke yawo a cikinta ta fi farar riga matsattsiya daɗi. Abin lura shi ne ruwan toka mai haske da ruwan hoda su ne suka fi tona asirin gumi a hammata, baƙi kuma yana fitar da farin layin gishiri idan ya bushe. Mai ɗan zane ko ruwan ƙasa mai duhu ya fi rufa asiri. Wasu ma'aikatu da makarantu suna da nasu ƙa'idar, a tambaya kafin a kashe kuɗi.

Lambobin 52, 54, 56 da 58 da ke jikin abaya tsawo ne da inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Mai tsayin santimita 160 galibi 54 take sawa, mai 165 kuma 56. Ki gwada da takalmin da za ki riƙa sawa da ita. Ta tsaya kamar yatsu biyu sama da ƙasa, don mai jan ƙasa tana kwasar ƙura, tana maƙalewa a matakalar lantarki ta Harami ko ta manyan shaguna, tana kuma shiga ƙarƙashin ƙafa ga mai tuƙi. Hannu mai faɗin fuka-fuki yana da kyau a wurin biki, amma a tebur zai riƙa share kwamfuta da kofin shayi. Na aiki, a zaɓi mai maɓalli ko roba a wuyan hannu. Dutse da kwalliyar ƙarfe a kafaɗa suna ɗaukar zafi, suna kuma ƙara nauyi.

Abin da ke ƙarƙashin abayar ya fi ita kanta tasiri. 'Yar riga ta auduga da wando mai faɗi na auduga ko biskos su ne daidai. Jins da matsattsen wando na roba su ke jawo gogar cinya da ƙaiƙayi. Ga mayafi, cifon yana da haske amma roba ne, yana zamewa, sai an tara masa allurai da hular ciki, kai ya ɗau zafi. Ɗarha, wato mayafin kai, ta auduga mai laushi tana zama ba allura. Mai sa niƙabi ta fi samun numfashi da mai falle ɗaya. A ajiye ƙaramin mayafi mai kauri a jaka ko a aljihun tebur, don sanyin ofis yakan kama kafaɗa bayan an shigo da gumi.

Kayan gida da na ziyara nan ne atamfarmu take da bakin magana. Atamfa ta gaske auduga ce, da an wanke ta sitacin ya fita, doguwar riga ko bubu daga cikinta ta kai duk wata jallabiya daɗi. A ce wa tela kada ya sa shafi, kada ya matse hannu. Shadda mai sitaci da leshi mai shafi a bar su sai bikin dare a ɗakin taro mai mukayyif. Mai shirin hutun Ɗa'if ko Abha ta tafi da riga ɗaya mai ɗan kauri, dare a kan duwatsun nan yana sanyi ko a Yuli.

Ga mai fita aiki kwana biyar, abaya uku sun isa a riƙa juyawa: biyu na nida ko gauraye, ɗaya ta lilin don ranakun yawo, da rigunan ciki biyar ko shida, tunda su ake canzawa kullum. A wanke abaya a juye, da ruwan da bai wuce digiri 30 ba, da sabulun ruwa na baƙaƙen kaya, a shanya a inuwa. Ruwan tankin saman bene da rana tsaka yakan fito da zafi ko daga famfon sanyi, don haka wankin asuba ko na dare ya fi wa launi.