Dala hamsin ɗin da na mayar: sharhina kan karatun aikin jarida a kwalejin al'umma a Amurka

Mutum uku ne suka turo min tambaya iri ɗaya a WhatsApp cikin wata guda, dukansu 'yan uwanmu da ba su daɗe da shigowa ƙasar nan ba: wai ko in ba su shawara su shiga kwalejin al'umma, wato kwalejin shekara biyu da ake iya wucewa jami'a daga ita, su karanta aikin jarida, tunda ni na yi. Saƙon murya ba zai ɗauki abin da ke bakina ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Kwalejin tana jihar Maryland, ba nisa da Washington. Ba zan kama sunanta ba, don ba duk abin da zan faɗa ne yabo ba.

Na shiga a ƙarshen Agustan 2022. Kafin in bar Kano na yi shekara huɗu ina ɗauko rahoto a wani gidan rediyo mai zaman kansa, saboda haka a zuciyata takarda kawai na je nema. Da safe ina tuƙin Uber, da yamma ina aji. Malamar da ta koyar da mu rubuta labari tsohuwar 'yar jarida ce, ta haura shekara ashirin tana ɗauko labaran kotu a wata jaridar gari kafin a rage ma'aikata a sallame ta. Rubutuna na farko ta dawo min da shi jawur da jan biro. Na buɗe da sunan shugaban taro da muƙamansa da manyan baƙi, sai a sakin layi na huɗu na faɗi abin da aka yanke. Ta zagaye wannan layin, ta ja kibiya zuwa saman takarda. Nan na koyi abin da suke kira dala a kife, wato ka zuba mafi nauyin labari a sama, ta yadda ko edita ya datse ƙasan mai karatu bai yi asara ba. Wannan kam ko'ina za a koya maka. Abin da ya same ni a zango na biyu shi ne dalilin wannan rubutu.

An ba mu aiki a jaridar ɗalibai, kowa ya rubuta labarin wata ƙaramar sana'a ta baƙin haure. Ban yi dogon tunani ba. Akwai wani dattijo, mutumin zangon Kumasi, mai shagon kayan abincinmu: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin rogo, naman halal. Duk baƙon da ya sauka a yankinmu sai ya bi ta shagonsa, wani ya samo masa ɗaki, wani ya haɗa shi da aiki. Na je bayan azahar, muka zauna a bayan shago a kan buhunan shinkafa, na kunna rikoda. Awa biyu muna hira. Ya ba ni labarin shekarun da ya yi yana tuƙin tasi, da yadda ya fara sayar da yaji daga but ɗin mota a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Da na miƙe zan tafi sai ya naɗe takardar dala hamsin ya cusa min a aljihun gaba, ya ce, "Ɗana, ka sha mai." Ya sa yaronsa ya ɗauro min nama a leda, wai a kai wa iyali. Na ce na gode Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ko a jikina.

Duk wanda ya yi aikin nan a gida ya san dalili. Ana tashi daga taron manema labarai za a miƙo ambulan, mu ce kuɗin mota. Albashi kan yi wata biyu, wata uku bai shigo ba, da wannan ambulan ɗin ake cefane. Ban taɓa jin wani a cikinmu ya kira shi cin hanci ba, ni ma ban taɓa kallonsa haka ba.

Ranar Litinin a taron editoci, ina cikin yabon kirkin Alhaji, na ambaci kuɗin da naman. Ɗakin ya yi tsit. Malama ba ta ce min uffan a gaban yara ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda wannan, don mafi yawan 'yan ajin na girme su da shekara goma ko fiye. Da aka tashi ta ce in tsaya. Ƙa'idar ajin ita ce duk labarin da ka kawo sai ka haɗa da littafin da ka ɗauki bayanai a ciki. Ta buɗe nawa, ta ɗora yatsa a kan wani layi. A hirar, Alhaji da bakinsa ya ce akwai shekarar da duba-gari suka rufe shagon na 'yan kwanaki saboda firij ɗin nama ya lalace. Na rubuta a littafi, amma a labarin babu. Ta ce me ya sa na cire. Na ce a ganina ba shi da muhimmanci. Sai ta tambaye ni, cikin sanyin murya, yaushe na yanke cewa ba shi da muhimmanci, kafin dala hamsin ɗin ko bayanta.

Wallahi na kasa ba ta amsa. Na zauna ina kallon layin nan, ina neman gaskiyar abin a zuciyata. Mai yiwuwa ko bai ba ni sisi ba da na cire, don kunyar babba. Mai yiwuwa kuma kuɗin ne. Ta ce ai matsalar ke nan, tunda ni da na rubuta ban iya rarrabewa ba, mai karatu da me zai rarrabe? Ta nuna min kundin ɗa'ar aiki na ƙungiyar 'yan jarida ta SPJ, inda aka hana karɓar kyauta ko alfarma ko tafiya ta kyauta daga wanda kake rahoto a kansa. Ta ba ni zaɓi biyu: ko in mayar da kuɗin, in biya kuɗin naman, in binciki maganar rufe shagon a takardun gunduma in saka ta, ko kuwa a ba wani ɗalibi labarin.

Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa a wurinmu mayar wa babba da kyautarsa zagi ne. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta raina maganata ba. Ta ce ta yarda abu ne mai nauyi, amma ba za ta ɗauke min shi ba.

Kwana uku ina bi ta ƙofar shagon a mota ban iya tsayawa ba. Sai ranar Juma'a bayan an sauko na bi shi. Na bari masu sayayya suka ragu, na durƙusa gefen kujerarsa na ce, "Baba, na zo da magana mai nauyi, ka yi min afuwa." Na fito da kuɗin. Ya dubi hannuna, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ya yi kaɗan ne?" Na ce wallahi Baba ba haka ba ne, dokar aikin ce, in na riƙe ba za a buga labarin da sunana ba. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya karɓa, ya miƙe ya jefa a asusun masallaci da ke kan kanta. Kuɗin naman kuwa ya ƙi taɓawa, sai ɗansa na ba ya rubuta min rasit. Da na gaya masa maganar firij za ta fito a labarin, nan ne ransa ya ɓaci sosai. Ya ce hira ya yi da ɗansa, ashe da ɗan jarida yake yi. Wannan kalma ta daɗe tana ci na. Daga ƙarshe ya ce, "To ka rubuta har da cewa washegari na sayo sabo." Na rubuta, don gaskiya ne, ya nuna min takardar sayen.

Labarin ya fito. Wata huɗu gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau" ba. Sai da Babbar Sallah na je sayen yaji na ga ya buga labarin a takarda ya manna kusa da na'urar karɓar kuɗi, har da sakin layin firij ɗin. Bai yi min maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Da a nan zan tsaya, da na ce kowa ya ruga ya yi rajista. Amma ina tuna Malama sai wani ɓacin ran ya taso min. Matar nan ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, kwas-kwas ake biyan ta, ko ofis ba ta da shi. A ɗakin cin abinci take zama da mu tana duba rubutunmu, a lokacinta da ba wanda ke biyan ta. Da muka dawo shekara ta biyu babu ita, kuma ba wanda ya yi mana bayani. Wanda ya karɓi kwas na gaba littafi yake haskawa a allo yana karanta mana, jarrabawa kuma ta zaɓi-ɗaya a kwamfuta. Zango guda cur, ba a taɓa tura mu waje mu yi hira da mutum ko ɗaya ba. Kuɗin kuwa ɗaya ne da na ajin Malama. Wato abin da na yaba sa'a ce ta haɗa ni da shi, kwalejin ba ta yi wani tanadi don riƙe irinta ba.

Sai maganar shekara biyu. A takarda kiredit 60 ne, wato makin da ake tarawa daga kwasa-kwasai, shekara biyu. Ni sai Mayun 2025 na gama. Laifin aikina yana ciki, ban musa ba. Amma gwajin Turanci da aka yi min a kwamfuta ranar rajista ya jefa ni azuzuwan share fage, waɗanda ba a lissafa su cikin kiredit 60 ɗin. Na nuna sakamakona na WAEC, na ce da Turanci na yi karatu tun firamare, aka ce na'ura ta riga ta yanke. Daga baya na ji ashe ana iya neman a sake gwajin, ba wanda ya gaya min a lokacin. Tallafin Pell, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke bayarwa, ya taimaka ƙwarai, duk mai katin zama ya cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin, da wuri, amma ku sani in ba cikakken lokaci kake karatu ba, rage shi ake yi. Kyamarori kuma ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma ofishin aronsu yana rufewa tun ina kan titi ina neman fasinja. Rabin ayyukana na bidiyo da wayata na ɗauka.

Kada in yi rashin adalci, kwas ɗin dokokin aikin jarida ya biya kuɗinsa. A nan na fahimci ƙarfin gyara na farko da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791, mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki da na 'yan jarida, da shari'ar jaridar New York Times da Sullivan ta 1964, wadda Kotun Ƙoli ta ce jami'in gwamnati ba zai ci shari'ar ɓata suna ba sai ya nuna jarida ta san ƙarya ce ta buga, ko ta yi ko-oho da gaskiyar. Ranar na ba su labarin dokar sojan Najeriya mai lamba 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita, ajin ya yi ta tambaya har lokaci ya ƙure. A nan kuma na san cewa a Maryland laifi ne ka naɗi hirar waya ba da yardar duk masu maganar ba, alhali in ka tsallaka Virginia yardar mutum ɗaya ta isa. Da ban ji wannan ba da na jefa kaina cikin masifa, don a gida danna rikoda kawai muke yi.

Zancen aiki bayan kammalawa, ba wanda ya zaunar da mu ya faɗa mana gaskiya sai Malama. Ita ta nuna mana alƙaluman cibiyar bincike ta Pew, cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kusan 71,000 a 2008 zuwa kusan 31,000 a 2020. Ni ban damu ba a lokacin, don idona yana kan Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda tun 1979 yake watsa shirye-shirye, kuma da muryoyinsa na tashi a rediyon mahaifina. Ina zangona na ƙarshe, a watan Maris na 2025, umarnin shugaban ƙasa ya sa aka dakatar da ma'aikatan gidan, shirye-shiryen Hausa suka ɗauke. Wannan ba laifin kwaleji ba ne, amma wanda zai shiga da irin burina ya san halin da ake ciki.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na ƙarshe. Mai ba ɗalibai shawara ta tabbatar min da baki cewa duk kwasa-kwasaina na jarida jami'ar da nake son komawa za ta karɓe su. Da na kai takarduna, uku daga ciki aka ce za a lissafa su a matsayin na zaɓi kawai, sai na maimaita makamantansu a can, da kuɗin jami'a. Cikinsu har da kwas ɗin Malama, wanda ya fi kowanne amfani a rayuwata. Akwai shafin ARTSYS da jihar ta tanada don duba wane kwas ne ke wucewa wace jami'a, ban san da shi ba sai da aikin gama ya gama. Ku ukun da kuka tambaye ni, ku duba shi da kanku kafin ku biya ko sisi, duk abin da mai ba da shawara ya faɗa muku ku ce ya turo ta imel, kuma ku tambayi tsofaffin ɗalibai wane malami ne ke tura mutane waje ɗauko labari.

Na shigar da ƙorafi a jami'ar kan kwasa-kwasan nan uku, sun ba ni ranar Talata mai zuwa. Na haɗa manhajar kowane kwas da rubuce-rubucen da na yi, har da labarin shagon Alhaji da takardar farko mai jan biro. Na rubuta wa Malama ina neman wasiƙar shaida, cikin awa ɗaya ta amso, ta ce za ta turo kafin Litinin.